Mangwaron Makaranta a Gonar Aro

SHAFI NA 7

Masu aiko min da saƙo tun da safe, "Malam Sabitu ina ci gaba, Malam Sabitu ka bar mu a tsaye," ku yi haƙuri. Ni ba marubuci ba ne, bakaniken babura ne, da hannu duk baƙin mai nake latsa wayar nan. Kuma ina gaya muku tun yanzu, wanda yake jiran ya ji an sasanta a wannan shafin gara ya ajiye wayar ya kama wani aikin. Na je Kurfi ne in ba da haƙuri, na dawo Dutsin-Ma na tarar abin ya fi ƙarfin haƙurin.

Don wanda bai ga na baya ba. Ɗiyata Mardiya ce shugabar ƙungiyar kare muhalli a makarantarsu. Ranar Muhalli ta Duniya, biyar ga watan Yuni, ina gareji ban san komai ba, ta kwashi 'yan ƙungiyar da malaminsu a mota suka tafi gonar da nake nomawa a bakin hanyar Kurfi. Suka bi iyaka suka dasa mangwaro da bedi, wato dogon yaro. Suka kafa allo. Suka ɗauki bidiyo.

Gonar kuwa ba tawa ba ce. Aro ce daga ƙanin mahaifiyata, Alhaji Badamasi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mai aron gona gero yake shukawa, da dawa, da wake, abin da zai kwashe da kaka ya bar wa mai wuri wurinsa. Ba ya dasa icce. Ranar da ka dasa icce a gonar aro, ka ce wa mai ita ta zama taka.

To, jiya Laraba na ɗauki malamin nasu, Malam Munzali, a bayan babur muka nufi Kurfi.

Mun tarar da Kawu a zaure, ɗansa Atiku na gefe riƙe da waya. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa.

"Kawu, ina wuni?"

"Lafiya lau, mai gona."



"Kawu, don Allah..."

"A'a, ai girmanka ne. Atiku, shimfiɗa wa mai gona tabarma. Wannan kuma fa?"

"Malamin su Mardiya ne. Shi ya kai yaran."

"Au, malamin hamada ke nan."

Malam Munzali ya gyara zama, ya gyara hula. Tun a hanya na roƙe shi, na ce Malam, in mun je ka ce kuskure ne, ka yi shiru. Ya ce ba komai. Ashe bai ji ba.

"Alhaji, ranka ya daɗe, duk shekara a wannan rana duniya gaba ɗaya takan tsaya ta tuna da muhalli. Hamada tana gangaro mana daga arewa, ruwan sama yana raguwa, zafi..."

"Malam."

"Na'am, Alhaji."

"Hamadar nan, da ta taso daga arewa, gonata kaɗai aka ba ta kwatance?"

Atiku ya sunkuyar da kai yana dariya.

"Ba haka ba ne, Alhaji."

"Makarantarku ba ta da fili?"

"Akwai. Bara a can muka dasa. Amma babu katanga, awakin unguwa suka cinye su tas kafin a dawo hutu."

"Sai bana aka ce a nemi gonar Badamasi, shi ba ya da baki, ya fi akuya sauƙi."

Na ce, "Kawu, wallahi yarinya ce, ba ta san..."

"Ba ta sani ba? Atiku, kunna masa."

Ni na riga na ga bidiyon nan har na gaji da ganinsa. Amma jin sa a zauren Kawu daban ne. Ga Mardiya cikin farin hijabi, riƙe da ɗan mangwaro a baƙar leda, yara sun kewaye ta suna tafi. Muryarta ras, kamar mai karanta labarai:

"Wannan gonar babana ce, Malam Sabitu. Mun dasa waɗannan itatuwa ne domin 'ya'yanmu da jikokinmu su sha inuwa su ci 'ya'yan."

Kawu ya ɗaga yatsa.

"Maimaita min wurin jikokin."

Atiku ya mayar.

"...'ya'yanmu da jikokinmu..."

"Ka ji ko? Yarinya ko makaranta ba ta gama ba, ta riga ta raba wa jikokinta gonata. Ni da nake da 'ya'ya a raye ban raba musu ba."

"Kawu, maganar makaranta ce, haddace ta aka ba su."

"Allon fa? Shi ma haddace shi aka yi? Mai kawo min itacen girki ne ya tsaya a ƙofar nan yana min barka, wai ya ga an rubuta Gonar Malam Sabitu da koren fenti, ashe na sayar. A masallaci ma an tambaye ni. Shekara nawa kana noman wurin nan, na taɓa karɓar ko dami ɗaya a hannunka?"

"Ba ka taɓa ba."

"Na taɓa aiko maka in ce ka tashi?"

"Ba ka taɓa ba, Kawu."

"To sakayyar ke nan. Mangwaro."

Ina ta tunanin takin da na yi rani ina kaiwa a buhu, a bayan babur, har ƙugu ya riƙe. Geron ya fito gwanin kyau da ruwan farko. Abincin gidana na shekara yana cikin wurin nan, garejin ba ya ciyar da mu shi kaɗai.

Sai Malam Munzali ya sake buɗe baki.

"Alhaji, abu ɗaya nake so a gane. Mu ba mu shiga gonar kowa babu izini ba."

Na juya na kalle shi.

"Malam, izinin wa? Ni ka tambaye ni?"

"Ba kai ba."

"To wa? Uwarta? Talatu ta rantse min ba ta sani ba."

"Tsohuwar gidanku."



"Wace tsohuwa?" in ji Kawu.

"Kakar Mardiya. Gogo. Ai tare muka tafi, a gaban mota ta zauna. Ita ta riƙa nuna mana iyaka da sandarta, nan ku haƙa, nan ku tsallake. Mu ma bedi muka fi yawa da shi, ita ta ce a'a, mangwaron za a jera ta bakin hanya inda kowa zai gani."

Jama'a, tun daga Dutsin-Ma mutumin nan yake bayana a kan babur. Mun tsaya shan mai. Mun tsaya na sayi goro na gaisuwa. Bai ga damar gaya min wannan ba sai a gaban Kawu.

Na ce, "Malam, me ya hana ka faɗa min a hanya?"

"Ai na ɗauka ka sani. Mahaifiyarka ce fa."

Dariyar Atiku ta ɗauke. Da Kawu ya yi magana, babu sauran zolaya a muryarsa.

"Yaya Hawwa'u ce ta nuna iyaka."

Sunan Gogo na yanka ke nan, ba kowa ke kiransa ba.

"Kawu, na rantse da Allah ban..."

"Na yarda ba ka sani ba. Fuskarka ta nuna. Amma ka saurara, Sabitu. Ni ba zan cire iccen nan ba. In na cire za a ce Badamasi ya yi faɗa da 'yan makaranta. Kai za ka cire. Jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, da hannunka, a gaban mutane. Allon ma ka tuge shi. Atiku zai ɗauki bidiyo kamar yadda aka ɗauki wancan, ka faɗa da bakinka gonar ta wace ce."

"In sha Allahu, Kawu."

"In ba ka yi ba, ka bar min wurina."

"Geron fa?"

"Geron yana cikin wurina."

Muka fito. A hanya Malam Munzali yana ta magana a kunnena, wai manyan ofishin ilimi za su zo duba dashen, wai makarantarsu ce ke gaba a gasar bana, wai ko za a roƙi Alhaji ya bari sai bayan sun zo sun gani. Na tsayar da babur a gefen hanya.

"Malam, kana da gona?"

"A'a, haya nake a cikin gari."

"To ka yi shiru har mu isa."

Na sauke shi a bakin makaranta, na wuce gida.

Gogo na zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri. Mardiya na gefenta tana taya ta. Da yarinyar ta gan ni sai ta miƙe za ta shige ɗaki.

"Dawo nan."

Ta dawo, kai a ƙasa.

"Ranar da na tambaye ki wa ya ce ki kai mutane gona, me kika ce min?"

"Na ce ni ce, Baba."

"Ke ce?"

Ta saci kallon Gogo.

"Kai, rabu min da ƙawata," in ji Gogo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni na ce kada ta faɗa. In faɗa ne da kai, ga ni."

Na durƙusa a gabanta. Ko rai ya ɓaci, uwa uwa ce.

"Gogo, me na yi miki?"

"Ka ci abinci?"

"Gogo, don Allah. Daga Kurfi nake."

"Na sani. Ya yake? Kumburin ƙafar tasa ya sauka?"

"Ya ce in cire iccen nan ranar Juma'a a gaban jama'a, ko in bar masa gona har da geron."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"To madalla. Ya yi magana ke nan."

Ta jefa ƙwayar gyaɗa a kwano kamar na ce mata an yi ruwa a ƙauyen Kuki.

"Gogo, kin fi ni sanin ba a dasa icce a gonar aro."

"Ba a dasawa."

"To me ya sa?"

"Wa ya gaya maka aro ce?"

Na dube ta. Mardiya ma ta ɗago.

"Ke da kanki kika kai ni wurinsa, shekarar da aka haifi yarinyar nan. Kika ce in durƙusa in yi godiya."

"Na ce. Lokacin kana da jaririya, ba ka da hatsi, ubanka ya rasu. Da faɗa zan tsaya yi ko ciki zan nema muku?"

Ta ture kwanon gefe, ta karkaɗe zaninta.

"Gonar nan ta babanmu ce. Da ya rasu aka zauna rabo, ina ɗakin aure a nan Dutsin-Ma, ina fama da laulayin cikinka. Maza suka ɗauki na fadama, suka ɗauki na bayan gari. Ta bakin hanya aka ce tawa ce, Badamasi ya riƙe min tunda ni mace ce kuma ina nesa. Ya riƙe. Yana ta riƙewa. Har ya manta riƙo aka ba shi."

"Gogo!"

"Yaron da na goya. Bayana ya yi wa fitsari har ya yi wayo. Ranar da na kai ka, ina zaune yana cewa na ara maka, na ara maka. Na haɗiye."

Talatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Na ce mata koma, ta ƙi.

"To me ya hana ki magana duk shekarun nan?"

"In kai ƙanina ƙara? A ce Hawwa'u ta tsufa ta ja ɗan'uwanta gaban alƙali? Wa zai ƙara zuwa sunan wani a dangin nan?"

"Yanzu fa? Wannan ba ƙara ba ce?"

"Ni na kai wa ƙara? Yara ne suka yi aikin makaranta."

Wallahi haka ta faɗa, fuskarta ko gezau.

"Ƙawata ta dawo tana kuka, wai an ba su itatuwa babu wurin dasawa, na bara awaki sun cinye. Na ce ga wuri. Ranar me kuka ce sunanta?"

"Ranar Muhalli, Gogo," in ji Mardiya a hankali.

"Yawwa. Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro ta albarka. Ni da na san akwai ta, da tuni an wuce wurin."

Na dafe kai.

"Gogo, kin san abin da kika jawo min? Ke kina nan a inuwa, ni za a kora. Takina yana ciki. Irina yana ciki. In ya karɓe, me za mu ci? Allon za mu dafa?"

"In ya isa ya kai maganar gaban dagaci. Can nake so ya kai ta. Shi zai kai da ƙafarsa, ba ni ba. In an tambaye ni, sai in faɗi abin da na sani."

"Kina da shaida?"

"Waɗanda suka zauna rabon."

"Suna ina?"

Ta ƙirga da yatsunta.

"Saura ɗaya. Ladan na Ɗantutture."

"Gogo, mutumin da ya gaishe ni bara da sunan babana? Ya tambaye ni ko an gama aikin dam ɗin Zobe?"

"Abin da ya daɗe ai shi yake tunawa."

Talatu ta saki dariya, ta toshe baki da gefen zani. Ni ko kusa abin bai ba ni dariya ba.

Sai Mardiya ta matso.

"Baba, ni fa ban san aro ba ce. Kullum cewa kake gonarmu, gonarmu."

"To me zan ce? Mu tafi gonar Kawuna da ya ara min? Haka ake magana?"

"Yanzu in ka cire, Baba, duk makaranta za su gani. Ni na tsaya a gaban asambuli na ce kowa ya kula da iccensa kamar ƙaninsa. Kowane icce da sunan mai shi a jiki."

"Ke asambuli ce damuwarki. Ni tuwon da za ki ci kafin ki je asambulin nake tunani."

Idonta ya ciko. Ban so na faɗa da ƙarfi haka ba, amma ya riga ya fita.

Na juya wurin Gogo, na sassauta murya.

"Ki bari in tono su da ƙasarsu, in kai su wani wuri. Ba za su mutu ba. Kawu ya huce, mu kwashe amfanin bana. Bayan kaka sai a zauna a yi maganar gadon a tsanake."

"Bayan ka tsaya a gaban mutane ka ce gonar Badamasi ce? An ɗauka a waya? Ɗana na cikina ya ba da shaida a kaina, sannan a zauna?"

Wallahi ban yi tunanin wannan ba.

"Ka saurare ni da kyau," ta ce. "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ko ganye ɗaya ka cire a iccen nan, ban yafe ba. Juma'a kuma tun hantsi ina can da tabarmata da butata. Mai cirewa ya zo ya fara da ni."

"Wa zai kai ki?"

"Kai."

Ina durƙushe a wurin, ƙafata ta yi tsami, sai wayata ta yi ƙara. Atiku ne. Na so in fita waje in ɗauka, Gogo ta ce a'a, buɗe kowa ya ji.

"Yaya Sabitu, kana kusa da Gogo?"

"Tana ji."

"Baba ne ya ba ni saƙo. Ka yi haƙuri, yadda ya faɗa zan faɗa."

"Faɗi."

"Ya ce ya san za ta ce gadonta ne. Ya ce a gaya mata, gaskiya ne, an ambaci sunanta ranar rabo."

Gogo ta kalle ni, ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushi.

"Amma ya ce ta tuna abin da ya kawo ta Kurfi bayan nan, da abin da ta roƙe shi a ɗakin mahaifiyarsu, da abin da ta ce a bakin gonar. Ya ce shekara da shekaru ya rufe saboda kai, Yaya Sabitu. In ta taka gonar ranar Juma'a, a gaban mutane zai faɗa."

Ya kashe.

Murmushin nan ya tafi. Hannun Gogo yana cikin kwanon gyaɗa, bai fito ba.

"Saboda ni? Gogo, me ya haɗa ni da maganar?"

Na ƙara matsawa kusa da ita.

"Me kika roƙe shi?"

Ta lalubi sandarta. Mardiya ta kai hannu za ta kama ta, ta ture hannun. Matar da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba ta shige ɗaki ta saki labule.

Yau Alhamis. Tun jiya ba ta fito ba sai alwala, abincin da Talatu ta kai mata ya dawo yadda yake. Na tsaya a ƙofar na yi sallama, ta amsa, na tambaye ta ko zancen tafiya gona yana nan, ta yi shiru.

Gobe ne. Ban san ko za ta ce in kai ta ba. Ban san ko zan sa hannu a iccen nan ba. Kuma abin da Kawu ya rufe saboda ni, har yanzu ban san ko mene ne ba.